Banki ya yarda ya ba ni kuɗin gidan haya, uwargida ta ce ba da ita ba

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne mai albashi, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi gidan da zan zuba 'yan haya, ya zame mini madogara idan na bar aiki. Yanzu dillali ya nuna mini wani gida mai sassa huɗu, abin da na tara kuwa bai wuce kashi 30 cikin 100 na farashinsa ba. Banki ya ce zai ba ni sauran kashi 70, in biya cikin shekara 15, da kuɗin ruwa kashi 14 a shekara wanda zai iya hawa ko sauka, amma sai na haɗa musu da takardar gidan da muke ciki a matsayin jingina. Dillalin ya ce hayar shekara za ta kai kashi 8 na farashin gidan, wai gidan ne zai biya kansa. Abokina ya ce in rufe ido in karɓa, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma duk masu gidaje da kuɗin banki suka fara. Uwargida ta ce ba da ita ba. Yayana ya ce in ina so mu haɗa kuɗi mu saya tare. Ni kaina zuciyata ba ta kwanta da kuɗin ruwan ba. Dillali kuma sai kira yake, wai akwai wani mai so. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Mutumin da ya iya haɗa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gida daga albashi, ga iyali, ba ƙaramin juriya ya yi ba, shi ya sa ba zan so a ce sa hannu ɗaya ya tafi da shi ba.

Maganar "akwai wani mai so" kada ta hana ka barci. La'adar dillali ranar ciniki take fita, ba ranar da za ka gama biyan banki ba, saboda haka gaggawarsa tasa ce. In da gaske akwai mai so, Allah ya ba shi sa'a, gidaje ba su ƙare ba.

Yanzu ɗauko takarda da biro. Mu ɗauka farashin gidan 100 ne, ko da wane irin kuɗi ake ciniki. Banki ya ba ka 70. A kan kashi 14 na shekara 15, abin da za ka riƙa biya kowace shekara ya kai 11.2, wato kafin ka gama za ka zuba musu kusan 168 a kan 70 ɗin da ka karɓa. Abin da ba a cika bayyana wa sabon shiga ba shi ne yadda ake raba wannan biyan. A shekarar farko, cikin 11.2 ɗin nan kusan 9.7 kuɗin ruwa ne, ɗaya da rabi kacal ke taɓa uwar kuɗi. Bayan shekara 5 ka biya 56, amma in ka je ka tambayi saura nawa, za a ce maka 60. Ba cutarka aka yi ba, haka lissafin yake, domin ana ɗora ruwan ne a kan abin da ya rage, a farko kuwa kusan duka ne ya rage. Ka nemi bankin ya buga maka jadawalin biya wata-wata, ka gani da idonka.

To, gidan kuma nawa zai kawo? Dillali ya ce 8. Kafin ka yarda da wannan, ka je da kanka, ba tare da shi ba, ka zauna da waɗanda ke haya a ciki yanzu, ka tambaye su nawa suke biya, tun yaushe, ko akwai mai bashi a kansa, ka ga rasit in da hali. Ka leƙa gidajen maƙwabta ka ji farashinsu, ka kuma lura ko akwai sassan da suka daɗe a kulle. Amma mu ce gaskiya ya faɗa, 8 ne. Wannan 8 ɗin ba shi ke shiga aljihunka ba. Wani zai tashi, sashen ya yi wata ɗaya ko biyu ba kowa, ka cire kamar 0.7. Rufi zai yi yoyo, famfo zai lalace, wayar wuta za ta ƙone, duk wanda ya tashi sai an yi fenti kafin wani ya shigo, masu gidaje da suka daɗe a harkar sukan ware kusan kashi 1 na darajar gidan duk shekara don wannan. In ka sa mai kula da gida ya karɓar maka haya, yakan ɗauki kusan kashi 10 na abin da ya karɓo, 0.8 ke nan. Haraji da inshora ka sa musu 0.5. Abin da ya rage a hannunka 5 ne, shi ma in kowa ya biya a kan lokaci, wanda duk mai gidan haya zai gaya maka ba kullum ake samun haka ba.

Gida na kawo 5, banki na neman 11.2. Sauran 6 da ɗoriya daga ina? Daga albashinka, kowace shekara, daga kuɗin makarantar yara da cefanen gida. Gidan ba zai biya kansa ba, kai ne za ka ciyar da shi. Za ka ce ai haya na tashi. Tana tashi, gaskiya ne. Amma ko da abin da ke shigo maka zai ƙaru da kashi 10 duk shekara ba fashi, sai an haura shekara 8 kafin ya kamo abin da banki ke karɓa. Tambayar ita ce ko albashinka zai iya ɗaukar wannan giɓin tsawon shekarun nan ba tare da ciwo, ko sallama daga aiki, ko wata hidima ta faɗo ba.

Akwai ma'aunin da masu ba da rancen gidajen haya ke amfani da shi, kuma ya kamata kai ma ka ara. A Amurka sukan so abin da gida ke kawowa bayan an cire ɗawainiya ya zarce abin biya da kashi 20 zuwa 25. A Birtaniya sukan nemi kafin alƙalami kusan kashi 25, hayar kuma ta kai aƙalla kashi 125 na kuɗin ruwan. In ka gwada ma'aunin Amurka a naka, gidan da ke kawo 5 bai kamata a ɗora masa biyan da ya wuce 4 a shekara ba, biyan 4 a kan sharuɗɗan da aka ba ka kuwa bashin 25 yake ɗauka. Ka ga abin ya juye ke nan: gidan 25 zai iya ɗauka, kai kuma 70 kake shirin ɗora masa. Ƙa'idar a taƙaice ita ce, duk lokacin da tsadar bashi ta fi abin da gida ke kawowa, kowane ƙarin bashi ƙarin asara ne, sai dai in kana caca a kan farashin gidan zai tashi.

A nan ne maganar abokinka take da gindi, kuma ba zan ce ƙarya yake yi ba. Mutane da yawa sun yi arziki da kuɗin banki. In farashin gidan ya hau daga 100 zuwa 110, kai da ka zuba 30 ka samu 10, kashi ɗaya cikin uku na jarinka ke nan, alhali gidan kashi 10 kawai ya ƙara. Wannan shi ke ruɗar mutane. Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. In ya sauka zuwa 90, kashi ɗaya cikin uku na guminka ya tafi, bashin banki kuwa yana nan daram. In ya sauka zuwa 70, ba ka da komai a gidan sai suna. Masu cewa gida ba ya faɗuwa su tambayi Amurkawa: tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a can ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin mutane suka rasa gidajensu, babban bankin nan Lehman Brothers ya rushe a watan Satumban 2008. Da yawa cikin waɗanda abin ya rutsa da su irin rancen da aka yi maka tayi suka karɓa, mai ruwan da ke sauyawa, da tunanin kafin ya hau sun sayar sun ci riba. Abokinka labarin waɗanda suka tsira yake ji, don su ne ke da bakin ba da labari a wurin zama.

Wannan "zai iya hawa ko sauka" da ka rubuta a tsakiyar wasiƙarka kamar ba komai ba, shi ne ya fi tsorata ni. Hujjar masu cewa hauhawar farashi na cinye bashi tana aiki ne idan ruwan a tsaye yake, an ƙayyade shi tun farko har ƙarshe. In mai sauyawa ne, da zarar kaya sun yi tsada babban bankin ƙasa zai ɗaga nasa, bankinka kuma ya ɗora maka. Kuɗin ruwan babban bankin Ingila ya tashi daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a watan Agustan 2023, masu gidajen haya da yawa da wa'adin tsayayyen kuɗin ruwansu ya ƙare suka wayi gari biyansu ya yi tsalle. A naka lissafin, in 14 ta zama 18, biyan shekara zai tashi daga 11.2 zuwa kusan 13.5, ɗan haya kuwa ba ruwansa, abin da kuka yi yarjejeniya shi zai ba ka. Haka nan in wani ya zo maka da rance mai sauƙin ruwa amma da kuɗin wata ƙasa, ka gudu. Dubban ɗaruruwan iyalai a Poland sun ci bashin gida da kuɗin Suwizalan don ruwansa kaɗan ne, a watan Janairun 2015 darajar kuɗin ta yi sama a rana ɗaya, bashinsu ya kumbura suna zaune. Da kuɗin da kake karɓar haya za ka ci bashi, ba da wani ba.

Sai maganar jingina, kuma a nan uwargida ta fi ku gaskiya, kai da abokinka da dillali duka. Ka tsaya ka tambayi kanka dalilin da ya sa banki bai wadatu da sabon gidan kaɗai ba. Su ma sun yi lissafin da muka yi yanzu, sun ga gidan ba zai riƙe bashin ba, shi ya sa suke neman wani abin kamawa. In an jinginar da gidan haya kaɗai, abu ya ɓaci, ka yi asarar jari, mai zafi ce amma ana warkewa. In an haɗa da gidan da kuke kwana, asarar ta shafi matarka da yara uku da ba a yi shawara da su ba. Wannan ba tsoro irin na mata ba ne kamar yadda na san wasu za su ce maka. Kada ka ba da takardar nan, ko da an rage maka ruwa. Kuma ka sani, a wurare da yawa in banki ya sayar da abin jingina kuɗin bai cika ba, yana da ikon bin ka sauran. Ka sa lauya ya duba maka wannan a kowace takarda da za a miƙo maka. Ka kuma zauna da ita ka nuna mata lissafin, domin duk abin da za ka yi nan gaba da haƙurinta za a yi shi.

Game da rashin kwanciyar zuciyarka, ni ba mai fatawa ba ne, amma matsayin jumhurun malamai a kan kuɗin ruwan banki sananne ne, haramun ne, kuma abin da zuciya ta ƙi tun kafin a fara ba ya daɗin ɗauka shekara 15. Akwai hanyoyin da bankunan Musulunci ke bi, waɗanda suka fara bunƙasa tun 1975 da aka kafa Dubai Islamic Bank. A murabaha banki ne zai sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan, farashin kuma ba ya sauyawa bayan an ƙulla. A ijara banki ke mallakar gidan, kana biyan haya, a ƙarshe mallaka ta dawo hannunka. Wadda ta fi dacewa da irin halinka ita ce musharaka mai raguwa: kai kana da 30, banki na da 70, kana biyan hayar kason banki, kana kuma sayen kason nasa sannu a hankali, duk lokacin da ka ƙara saye hayar ta ragu. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta tsara ƙa'idojin waɗannan cinikayya, kana iya tambayar banki ko da su yake aiki, da kuma su wane ne malaman da ke sa masa ido.

Sai dai kada ka ɗauka halal na nufin araha. Sau da yawa abin da za ka biya a ƙarshe bai yi nisa da na sauran bankuna ba, don a kasuwa ɗaya suke neman kuɗi. Lissafin ɗazu yana nan: in gida na kawo 5, ana neman 11 a wajenka, giɓin bai san sunan yarjejeniyar ba. Ka tambaye su wa ke ɗaukar babban gyara muddin suna da kaso a gidan, me zai faru in ka makara wata biyu, ko za a sake duba hayar kason nasu duk shekara kuma da wane ma'auni, ko za su yi maka rangwame in ka biya kafin wa'adi. Amsar kowace ta zo a rubuce.

Tayin yayanka shi ne mafi kyau cikin duk abin da ka lissafa, shi ne kuma wanda ya fi saurin ɓata zumunci in aka yi shi da ka. Fara da tambayarsa: bashi zai ba ka ko haɗin gwiwa za ku yi? In bashi ne, gidan naka ne, riba da asara naka, shi kuɗinsa kawai yake bi. In haɗin gwiwa ne, kowa da kasonsa, kuma a fiƙihu asara gwargwadon jarin kowa ake raba ta, riba kuwa yadda kuka daidaita. Mutane da yawa ba sa tsayar da wannan tun farko, sai gida ya yi daraja mai kuɗi ya ce ai tare muka saya, in ya faɗi ya ce ai rance na ba ka. Ku rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba raini ba ne ka ce wa Yaya ku je wajen lauya. In kana jin nauyinsa, ka ce masa don 'ya'yanku ne, ba don ku ba, kuma gaskiya ka faɗa: ku biyu kuna iya fahimtar juna da ido, amma ranar da ɗayanku ya kwanta dama, magada ne za su zauna, su kuwa takarda suka sani.

A takardar a sa kason kowa da lamba, sunayenku duka biyu su fito a takardar mallaka. A faɗi wa zai riƙa karɓar haya da bin gyara, da ladan da za a ba shi, don wanda ke tashi tsakar dare saboda bututu ya fashe ba daidai yake da wanda ke jiran rabonsa ƙarshen shekara ba. A buɗe asusu na gidan shi kaɗai, kada kuɗin haya ya bi ta aljihun kowa. Abu mafi muhimmanci, wanda kowa ke tsallakewa don ba daɗin faɗa, shi ne hanyar fita: in ɗaya ya matsu yana son kuɗinsa, ɗan'uwansa ne ke da haƙƙin fara saye, cikin wata nawa, kuma wa zai yi wa gidan kuɗi. Ku amince tun yanzu cewa ƙwararren mai kimanta gidaje ne zai yanke, ba dillali ba, ba kuma ɗayanku ba.

In Yaya ba zai iya cike 70 ɗin duka ba, ko ka ga halinku ba zai zo ɗaya ba, to ka rage buri. Wanda bai taɓa karɓar haya ba bai kamata ya fara da sassa huɗu da bashi a wuya ba. Da abin da ke hannunka za ka iya sayen abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wancan gidan ba, sashe guda ko shago, da ɗan ƙaramin cikon da hayarsa za ta iya biya, ko ma babu ciko sam. A nan za ka koyi zaɓen ɗan haya, da rubuta yarjejeniya, da yadda ake fitar da wanda ya ƙi biya bisa doka, da ainihin abin da gyara ke ci. Bayan shekara biyu ko uku kana da rasit da bayanan asusu da za ka ajiye gaban kowane mai ba da kuɗi, maganarka da shi za ta bambanta da ta yau.

Wani lokaci mai gidan da kansa yakan yarda a biya shi kashi-kashi, musamman in ba matsuwa ce ta sa shi sayarwa ba. Ba laifi ka tambaya, amma a rubuta yaushe mallaka za ta dawo sunanka, da abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka biya in ka kasa cikawa. Kamfanonin gine-gine ma suna sayar da gida tun yana zane a takarda, da rangwame da biya a hankali. Rangwamen kuɗin kasada ne. Kamfanin Evergrande na China a da yana cikin mafi girma a duniya a wannan harka, ya kasa biyan basussukansa a 2021, mutane suka zauna suna biyan banki kuɗin gidajen da ba a gama ba, a watan Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a rushe kamfanin. In za ka bi wannan hanyar, biyanka ya riƙa tafiya da matakin da gini ya kai, ka kuma je ka ga abin da suka taɓa ginawa suka miƙa.

Ko wace hanya ka ɗauka, 30 ɗinka ba duka ne kafin alƙalami ba. La'adar dillali, kuɗin lauya, rajista, haraji, kimantawa da cajin banki sukan ci kashi 5 zuwa 10 na farashi a wurare da yawa. Bayan su ka ware abin da zai riƙe gidan aƙalla wata shida ko da ba ɗan haya ko ɗaya, ka ajiye shi inda za ka iya ɗauka cikin kwana biyu, ba ka taɓa shi don biki ko mota ba. Lauyan kuma ya zama naka, kai ke biyansa, ba wanda mai sayarwa ko banki ya kawo ba. Ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan mai sayarwa ne a kan takarda, ba a jinginar da gidan a wani wuri ba, babu shari'a a kansa, in kuma gidan gado ne duk magada sun sa hannu. Sai ya dawo maka da wannan a rubuce sannan kuɗi ya bar asusunka, ta banki, da sunan wanda ke kan takardar.